Wa ke riƙe da almakashin fim, darakta ko mai kuɗi?

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Agege a Legas, kuma shafin fina-finai na cikin abin da nake fara buɗewa. To amma gaskiya akwai abin da ya daɗe yana ci min rai game da shafin nan, kullum labarin wane ya auri wance ne, wance ta sai mota, wane da wane sun yi cacar baki a Instagram, in kuma an zo sharhin fim sai a ce darakta ya yi ƙoƙari ko darakta ya kwafsa, shi ke nan an rufe magana. Ban taɓa ganin an tambaya wa ya yanke hukuncin ƙarshe kan abin da muka gani a allo ba. Alhali sau da yawa fim ɗin da darakta ya ɗauka daban, wanda ya iso wajenmu daban, a tsakani akwai wani kamfani ko wani mai kuɗi da ya zauna ya ce cire wannan, ƙara wancan, canza ƙarshen, kuma sunansa ba ya fitowa a wajen da ake zagi. Wannan ne nake so ku ba ni fili in yi magana a kai, dan Allah a yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Bari in fara da fim ɗin da na san 'yan uwa da yawa sun kalla saboda akwai Salahuddin Ayyubi a ciki, wato Kingdom of Heaven na Ridley Scott da ya fito a 2005, wanda ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud ya fito a matsayin Salahuddin. Faifansa ya yi yawo sosai a nan Legas lokacin, har yau in aka zauna hira a majalisa za ka ji ana tuna yadda aka nuna Salahuddin da mutunci da cika alkawari ranar da ya karɓi Ƙudus. Amma ka tambayi mutane sauran labarin, yawanci za su ce maka fim ɗin na da ruɗani, wai ya aka yi maƙeri daga ƙauyen Faransa ya sauka ƙasar Sham nan take ya iya tsara tsaron birni guda, wai me ya sami gimbiya Sibylla da ta koma kamar mai taɓin hankali ta aske gashinta ba tare da an nuna dalili ƙwaƙƙwara ba. Kuma suna da gaskiya, a kwafin da aka kai sinima haka abin yake. Kwafin nan minti 144 ne. Kamfanin Fox ne ya matsa a rage shi, aka zare kusan minti 45. Da aka fito da kwafin darakta daga baya, mai sama da awa 3, sai ga amsar duk tambayoyin nan a zaune a ciki. Ashe maƙerin ya taɓa zuwa yaƙi, ya san aikin kayan rushe ganuwa tun kafin ya bar gida. Ashe limamin cocin da ya kashe a farkon fim ɗan uwansa ne. Babban abin ma shi ne Sibylla tana da ɗa ƙarami wanda aka naɗa sarki bayan rasuwar ɗan uwanta mai kuturta, sai ta gano yaron shi ma ba ya jin zafi a jikinsa, wato cutar ta kama shi, ta kasa jure ganin zai yi irin rayuwar kawunsa sai ta kashe shi da guba da hannunta. Wannan labarin fim ne fa ba tarihi ba, amma shi ne ƙashin bayan matar a fim ɗin, kuma gaba ɗaya aka zare shi, yaron ko sau ɗaya bai taka rawa a kwafin sinima ba. To ka ga wanda ya kalli na farko ya ce Eva Green da ta fito a matsayin Sibylla ba ta iya wasa ba ko marubucin bai iya labari ba, ya zalunce su bai sani ba. Kuma abin takaicin, yankan bai ceci kamfanin ba, fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 130 bai kawo ko miliyan 50 a sinimomin Amurka ba, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, su ɗin dai kuma da suka ga dogon kwafin suka dawo suna yabo.

Me ya sa kamfani zai kashe wannan uban kuɗi ya ɗauki abu sannan ya zubar? Ba hauka ba ne, lissafi ne. Ka shiga kowace sinima a Ikeja ko Surulere ko Lekki ka dubi allon lokutan nuni za ka gane. Ɗaki ɗaya, fim mai awa 2 za a iya nuna shi sau biyar ko shida a yini, mai awa 3 da rabi da ƙyar a yi uku, kuma kuɗin tikiti ɗaya ne, ba wanda zai biya ninki don fim ya yi tsawo. Masu sinima ba sa son dogon fim, kamfani kuma makon farko yake hari don a nan yake kwasar kaso mai tsoka na kuɗinsa. Sai kuma abin da suke yi na gwajin 'yan kallo, kafin fim ya fita a tara mutane 'yan ɗaruruwa a wata sinima a nuna musu, a raba musu takarda su cike, ina ne ya gundure ka, ka ji daɗin ƙarshen ko a'a, za ka gaya wa abokinka ya zo ya kalla? In maki ya yi ƙasa sai hankalin manyan kamfani ya tashi, a kira darakta a ce ga jerin gyara. Haka aka yi wa shi Ridley Scott ɗin tun 1982 a Blade Runner, bayan gwaji a Denver da Dallas aka ce mutane ba su gane ba, aka sa jarumin fim ɗin Harrison Ford ya yi ta bayani da murya a kan hoto, aka liƙa ƙarshe na farin ciki, har hoton tsaunukan da aka sa a ƙarshen ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka ne don wani fim nasa. Sai 1992 aka fito da kwafin da aka cire muryar, sai kuma 2007 Scott ya sami damar haɗa shi yadda yake so ɗari bisa ɗari, shekara 25 bayan fitowarsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Amurka darakta ma'aikaci ne, fim na kamfani ne. Abin da ƙungiyar daraktocinsu ta ƙwato musu shi ne mako 10, a bar darakta da mai editin su haɗa nasu kwafin ba mai sa musu baki, ya gabatar, daga nan kamfani na da ikon ya yi yadda ya ga dama. Ikon cewa wannan shi ne na ƙarshe kar a taɓa, 'yan tsiraru ne ke da shi a rubuce, irin su Spielberg da James Cameron da Christopher Nolan, mutanen da suka riga suka kawo wa kamfanoni biliyoyi. Shi ya sa da Ryan Coogler, baƙar fata, ya samu wannan iko a fim ɗinsa Sinners na 2025 har da sharaɗin mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa bayan shekara 25, abin ya zama babban labari a can.

Wanda ba shi da wannan iko kuwa Allah kaɗai ke fidda shi. Sergio Leone ya shafe shekaru yana shirin Once Upon a Time in America, ya haɗa shi minti 229 a 1984, labari ne na tsoho da ke tuna baya, ana zuwa gaba ana komawa baya kuma a nan daɗinsa yake. Masu rarraba shi a Amurka suka mai da shi minti 139 suka jera shi daga yarinta zuwa tsufa, ya faɗi warwas, mutumin bai sake yin wani fim ba har ya rasu a 1989. Shi aƙalla dogon kwafin na nan. Orson Welles fa, a 1942 yana Brazil kamfanin RKO ya ɗauki The Magnificent Ambersons daga minti 131 ya mai da shi 88, aka sake ɗaukar wani ƙarshen, sannan aka lalata abin da aka cire. Har yau ba wanda ya gan shi. Wannan ne ya fi min ciwo wallahi, don yanka ana iya gyara shi wata rana, amma abin da aka lalata ya tafi ke nan.

Kar kuma a ɗauka ina cewa darakta waliyyi ne, kullum shi ke da gaskiya. A'a. Michael Cimino ya ci Oscar da The Deer Hunter, kamfanin United Artists ya sakar masa mara a Heaven's Gate, kasafin da aka fara da kusan dala miliyan 11 ya kai 44, ya kawo musu kwafi mai awa 5 da minti 25, aka rage zuwa minti 219 aka nuna a New York a 1980, mako guda aka janye shi, aka sake ragewa zuwa 149, duk da haka abin da ya dawo bai wuce miliyan 3 da rabi ba. Kamfanin nan na United Artists da Charlie Chaplin da abokansa suka kafa tun 1919 don 'yan fim su mallaki aikinsu, a 1981 sai da aka sayar da shi ga MGM. Tun daga nan kamfanoni suka ɗaure jakarsu suka daina yarda da darakta ido rufe, kuma ni ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai editin ya san yadda mutum ke manne wa sin don kawai ya sha wahala ranar ɗaukarsa, an kwana a lokeshan, ruwa ya doke su, to ba zai iya cirewa ba ko da ba ya ƙara wa labari komai. Ana buƙatar wani a gefe da zai ce masa malam wannan ya yi yawa. Matsalata ba da shawara ba ce, matsalata da wanda zai canza ma'anar labari a bayan idon mai labarin sannan ya bar sunansa a jiki.

Justice League ya nuna duka fuskokin biyu. Zack Snyder ya bar aikin a 2017 bayan rasuwar 'yarsa, Warner suka kawo Joss Whedon ya sake ɗaukar wurare da yawa, aka ƙara barkwanci, aka matse shi awa 2 cif, har gashin bakin Henry Cavill da ya fito a matsayin Superman sai da kwamfuta aka goge don yana tsakiyar wani fim na wani kamfani da bai yarda ya aske ba, kuma duk wanda ya kalla ya ga yadda bakin ya koma. Kusan dala miliyan 300 aka kashe, ya kawo kusan 657 a duniya, wanda a lissafinsu asara ce. Amma sunan Snyder ne a jiki a matsayin darakta. Magoya baya suka yi ta matsa lamba a intanet shekara da shekaru har a 2021 aka ƙara kashe kusan miliyan 70 aka fito da nasa mai minti 242. Na kalli duka biyun, nasa ya fi ma'ana nesa ba kusa ba, musamman labarin yaron nan baƙar fata mai jikin ƙarfe da mahaifinsa wanda a na farko aka kusan share shi, amma kuma akwai wuraren da ja ne kawai, da an rage awa guda ba abin da zai ɓata. Kuma mu lura, ba tausayi ne ya sa kamfanin ya fito da shi ba, sun buɗe HBO Max, dandalinsu na kallon fim a intanet, suna neman masu rajista. Wato sun sayar mana da yankakke, sun dawo sun sayar mana da cikakke. Yanzu ma rubuta kwafin darakta a jikin fim ya zama wata hanyar talla, wani lokaci tarkacen da shi kansa daraktan ya cire da hannunsa ne ake mayarwa don a ce sabo ne, dole mai kallo ya riƙa bambancewa.

Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya ma abin ya shafe mu ba mu sani ba. Sholay na 1975, duk wanda ya gan shi ya san yadda ransa ya so Thakur ya gama da Gabbar, mutumin da ya kashe masa iyali ya sare masa hannuwa, sai ga 'yan sanda sun iso a daidai lokacin sun tafi da shi. To Ramesh Sippy ba haka ya ɗauka da farko ba, a nasa Thakur ne ya kashe Gabbar da takalmin nan mai ƙusoshi, hukumar tace fina-finai ce a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi ta ce ba za a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗau doka a hannunsa ba, dole aka koma aka sake ɗauka. Wannan hukuma ce ba kamfani ba, kuma aƙalla ita an san ta, an san ofishinta. Na baya-bayan nan ne ya fi tayar min da hankali. Raanjhanaa na 2013 wanda Dhanush ya fito, jarumin mutuwa yake a ƙarshe kuma mutuwar ce ta ba labarin nauyi. A 2025 kamfanin Eros ya sake fitar da kwafin Tamil, aka yi amfani da fasahar AI aka sa jarumin ya buɗe ido ya tashi. Darakta Aanand L. Rai ya fito fili ya ce ba da yawunsa ba, Dhanush ma ya ce bai yarda ba, kamfanin ya ce ai fim nasa ne. Da can in ana son canza ƙarshe sai an dawo da jarumai da kyamara, aƙalla za su sani, yanzu ko wannan ba a buƙata.

To Malam Edita mu dawo gida, don ba don Hollywood na rubuto ba. Mu ba mu da fim na dala miliyan 300 amma almakashin nan muna da shi, kuma namu ya fi kaifi don ba takarda. Mu da ke Legas mun ga zamanin da ɗan kasuwar Idumota ko Alaba shi ke ba da kuɗin fim, shi ke cewa wane za a sa don fuskarsa ce ke sayar da kwali, wani lokaci har sunan fim shi ke raɗawa kafin a rubuta labari. Ƙarfinsu ya kai a 2004 suka dakatar da manyan jarumai irin su Genevieve Nnaji da Omotola da Richard Mofe-Damijo kan tsadar kuɗin aiki, kuma dakatarwar ta yi aiki. A Kano ma haka 'yan kasuwar kaset suke, fim ba waƙa ba ya shiga, sai ka ga labari na tafiya tiryan-tiryan an mutu ana zaman makoki kawai sai ga saurayi da budurwa a lambu an canza kaya kala uku, don waƙar ce za a sa a talla ta ja kasuwa. Labarin da awa ɗaya da rabi ta ishe shi a ja shi ya zama na 1 da na 2 da na 3 da na 4, a nuna mota tun daga buɗe get har ta fita layi har ta sha kwana. Kun ga namu ya sha bamban da na Turawa, su ragewa ake yi, mu ƙari ake yi, amma dalilin ɗaya ne, kasuwa. Yanzu kaset ya mutu an koma YouTube da tashoshi, sai abin ya canza riga, mai ɗaukar nauyi na son a tsaya tsakiyar labari a yi tallar shagonsa, furodusa na son zango ya ƙaru don kallo na hawa ko da labarin ya ƙare tun tuni, jarumin da ya kamata ya mutu a fitowa ta 20 a bar shi da rai don masu kwament na sonsa. In abin ya lalace kuma wa ake kira? Darakta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani ƙanena a nan unguwa da ke aikin editin, yawanci bidiyon biki da tallace-tallace, amma yakan samu aikin fim jefi-jefi. Wani aiki da ya yi, shi da daraktan sun gama haɗawa sun miƙa, bayan kwana biyu mai kuɗin ya dawo shi kaɗai da daddare ya zauna a kansa ya ce a cire wani sin da uwa ke ba 'yarta haƙuri, a cike gurbin da fitowar wata yarinya da yake so a gani. Sin ɗin da aka cire shi ne dalilin da ya sa 'yar ta koma gidan mijinta. Daraktan a waya ya ga fim ɗinsa kamar kowa. Da ya je neman ainihin hotunan don ko ya ajiye nasa kwafin, an riga an goge hadis ɗin, wato na'urar ajiyar kwamfuta (hard disk), an zuba wani aiki a kai. Ba wanda ya karya doka a nan fa, shi ne abin.

Don dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya wanda ya shirya yin fim ya ɗau nauyinsa take ɗauka a matsayin mai shi, sai in an rubuta akasin haka a yarjejeniya, mu kuma yarjejeniyarmu ita ce Allah ya kai mu, mun yi magana ai, ka san ba zan cuce ka ba. A Faransa ba haka ba ne, doka ta ce fim bai kammala ba sai darakta da furodusa sun amince da kwafin ƙarshe tare, kuma bayan nan ba mai ƙari ko ragi sai da izini. Har magadan darakta John Huston, Ba'amurke, sun ci shari'a a babbar kotun Faransa a 1991 kan wani fim nasa baƙi da fari da aka shafa wa kala bayan ya rasu. A Amurka kuma da ba su da wannan, sun daɗe da wata mafita, daga 1969 zuwa wajen 2000 daraktan da aka ƙwace wa fim yana iya kai ƙara ƙungiya a cire sunansa a sa Alan Smithee, sunan da ba kowa ba ne, David Lynch ma ya yi haka a kwafin talbijin na Dune. Wato ko ba a ba ka ikon hana yanka ba, an ba ka ikon cewa wannan ba aikina ba ne. Mu ko wannan ba mu da shi.

Ban ce a ƙwace wa furodusa haƙƙinsa ba, mutum ya sai da fili ko ya ci bashi ya zuba a fim dole ya yi magana, kuma a yanayin da ake ciki na tsadar komai duk wanda ya sa kuɗinsa a fim ɗin Hausa ya cancanci godiya. Abin da nake roƙon MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, da ƙungiyoyin daraktoci shi ne takarda ko shafi ɗaya ce, a rubuta kwana nawa darakta ke da shi ya haɗa nasa, a rubuta ba za a canza komai ba sai yana zaune a wajen ko da a ƙarshe maganar mai kuɗi ce za ta hau, a rubuta yana da ikon cire sunansa, sannan a rubuta wa zai ajiye ainihin hotunan kuma har tsawon wane lokaci. Na ƙarshen nan kar a raina shi. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru ana ɗauka ya ɓata, da yake ainihin faifan na nan a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa sai aka gano shi, aka gyara da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim na zamanin Murtala da Obasanjo ya tsira, amma na shekara biyar da suka wuce da yawa in ka nema ba za ka samu komai ba sai kwafin da aka matse aka ɗora a intanet, mai tambarin tasha a kusurwa da talla a tsakiya. Hadis ɗin ajiya nawa yake in aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa a ranar ɗauka guda?

Ku kuma 'yan jarida, dan Allah in kun samu darakta a gaba ku rage tambayar wace jaruma ce ta fi ba ka wahala a lokeshan. Ku tambaye shi minti nawa ya miƙa, minti nawa aka fitar, wa ya zauna da mai editin ranar ƙarshe, ƙarshen da muka gani shi ne wanda aka rubuta, ina abin da aka cire yake yanzu. Ku tambayi furodusa shi ma, ku ba shi dama ya faɗi dalilinsa, wataƙila yana da hujjar da za ta gamsar da mu. Ku nemi masu editin musamman, su ne suka san komai kuma ban taɓa ganin an yi hira da ko ɗaya daga cikinsu a shafinku ba.

Na gode da fili, Allah ya bar zumunci.

Mai karatunku daga Agege, Legas.